Barkono a Idon Jarumi

Masu karatu, sannunku da haƙuri. Kafin in ci gaba da labarin aurena, bari in amsa wa yarinyar nan da ta rubuto mini cewa ni tsohuwa ce, wai ba zan gane daɗin fina-finan jarumai na yanzu ba, waɗanda jarumi ke zubar da jini, yana kuka, yana tuhumar kansa. Ɗiyata, nemi wuri ki zauna. Ranar da na miƙe a gaban dattawan unguwarmu ina kare irin wannan jarumi, ko uwarki ba ta iya ɗaurin ɗankwali ba. Kuma ba don nishaɗi na yi ba, aurena ne yake neman suɓuce mini.

Ga waɗanda yau suka fara bina: sunana Bangaskiya, 'yar Baba Elisha, dattijo a ikilisiyarmu ta Madarunfa. Shekarar da nake ba ku labari ita ce 1996. Babu waya, babu saƙon "kin tashi lafiya" da hoton fure. In saurayi yana sonki, ƙafarsa ce za ta kawo shi gindin bishiyar ƙofar gidanku, ya tsaya sauro yana cinsa har ki gama yangarki ki fito.

Yayana Li'azaru ya je cin rani Najeriya, ya dawo da tele, da manyeto mai cin kasat, da ƙaramin gurup mai ba da wuta. Ya kafa rumfar zana a bayan tasha, ya zama mai gidan kallo. Baba bai so ba, amma ya yarda bisa sharaɗi: ba fim ɗin rashin kunya, ba kallo ran Lahadi, kuma duk kasat ɗin da ya zo daga Maraɗi sai an duba shi a gida tukuna. Da yake ni ce na yi lakwal, wato makarantar boko, har kolej, ina jin Faransanci, aikin dubawa ya faɗo kaina.

Ga yadda ake yi. Da hantsi ni da Yaya mu kalli kasat, in gaya wa Ɗan Azumi abin da ke ciki. Ɗan Azumi tela ne, maƙwabcinmu, bai taɓa shiga aji ba, amma Allah ya ba shi baki. Da yamma sai a rage muryar tele, ya tsaya a gefe da 'yar sanda yana nuna fuskoki, yana ba jama'a labarin da Hausa. Ni in ba shi tuwo, shi ya zuba miyarsa. In kuma 'yan fim suka zauna suna doguwar magana, sai rumfa ta ɗauki ihu, "A tura! A tura gaba!" Yaya ya danna maɓalli, mutane su yi ta gudu a cikin gilashi har a iso wurin faɗa.

Jaruman da muka saba gani kuwa, ku yafe mini, sun ishe ni. Haƙora farare, riga mai ƙyalli, a jefa mutum cikin wuta ya fito ko gashinsa bai motsa ba. Ba ya jin yunwa, ba ya makara, ba wanda ke mutuwa a hannunsa. Ina kallonsu ina hamma.

Sai ga wani kasat ya zo, ko takardar bayansa ta yage. Jarumin ciki tufafinsa launin toka ne, fuskarsa a rufe, shi ya sa 'yan kallo suka raɗa masa suna Ɗan Toka. Ƙarfi kam yana da shi, yana ɗaga kaminyo, babbar motar kaya, yana tsalle daga bene zuwa bene. Amma da rana wanke-wanke yake yi a gidan abinci, ɗakinsa yana yoyo, kujerarsa ɗaya. In ya dawo daga faɗa sai ka ga yana ɗingishi, yana neman ruwan zafi ya gasa kafaɗa. A tsakiyar fim wani dogon bene ya kama da wuta. Ya yi ta sauko da mutane, sai yarinya ta ƙarshe, yana riƙe da hannunta ta taga, hannun ya suɓuce. Ta faɗi ta mutu. Gari yana ta yi masa tafi saboda waɗanda ya ceta, shi kuwa ya koma ɗaki, ya cire abin fuskarsa, ya zauna a ƙasa ya yi kuka har da majina.

Ranar da na fara ganin wurin nan, sai da na ce wa Yaya ya tsayar da kasat, na fita bayan ɗaki. Ba jarumin nake gani ba, Yoshiya nake gani.

Yoshiya shi ne saurayina. Maraya ne, masunci, dogo mai faɗin ƙirji, kuma a bakin tafkinmu ba a san wanda ya fi shi iyo ba. Da daminar shekarar, tafki ya cika ya batse, jirgi ya kife da yara biyar da ke dawowa daga gona. Yoshiya ya faɗa ruwa ya fito da huɗu. Na biyar, Nasiru, ɗan maƙwabcinmu Malam Inusa, Yoshiya ya kama shi a wuyan hannu, igiyar ruwa ta ƙwace. Sai gawarsa ya fito da ita. Ya ajiye ta a bakin tafki, ya zauna a cikin taɓo yana kuka a gaban kowa.

Daga ranar bai sake shiga jirgi ba. Ya daina zuwa koyon waƙa a majami'a. Yaya ya tausaya masa ya ba shi aikin kula da gurup, wanda ake ajiyewa can nesa da doguwar waya saboda ƙara. Aikin ya yi masa daidai, don a gefen gurup ba mai iya yi maka magana. Babban abin da ya ɓata komai kuwa, bai je wa Malam Inusa ta'aziyya ba.

Kun san mu. A yafe maka rashin zuwa biki, a yafe maka rashin zuwa suna, amma gaisuwar mutuwa ba a wasa da ita. Baba ya kira ni zaure wata safiya, yana riƙe da tabaronsa a hannu, alamar maganar ba ta wasa ba ce.

"Ban ce yaron ga mugu na ba," in ji shi. "Amma maƙwabcinmu ya rasa ɗa, duniya duk ta zo gaisuwa, har mutanen Safo da Gabi. Shi da gawar ta hito daga hannunai, bai taka ƙohwar gidan ba. Wanda bai san gaisuwar mutuwa ba, da wane baki za shi zo gaisuwar aure?"

"Baba, ba raini ba na..."

"Ban tambaye ki ba. Bayan Nowel, kar in sake ganinai gindin iccen ga."

Inna Alisabatu, mahaifiyata, tana tankaɗe a tsakar gida, kunnenta kuma yana zaure. Ina fitowa ta ɗora nata.

"Ƙaton namiji shi zauna cikin taɓo shina kuka gaban yara, ke kau ki ce shi kike so. Ga malamin lakwal can Maraɗi shina ta aiko da gaisuwa, mutum tsaf, ko ƙura ba ta hawa takalminai."

A zuciyata na ce, Inna, irin wannan ai na gan su da yawa a tele, su ne ke sa ni hamma. A fili kuwa sai na ɗauki tsintsiya.

Da yamma na tare Yoshiya a gindin bishiya. Na sa atamfata mai ruwan ganye da ya taɓa yabawa, amma ko ɗaga kai bai yi ba.

"Don Allah ka tahi ka gaishe shi. Kalma biyu ta, ya haƙuri, shi ke nan."

"Na tahi, Bangaskiya. Allah shaida na tahi, ba sau ɗaya ba. Sai in kai bakin zaure, in ji tarin Malam daga ciki, sallamar ta maƙale mini. In ce mashi mi? In ce na hiddo huɗu? Nashi ɗaya na, kuma shi na saki."

Ya buɗe tafin hannunsa na dama yana kallo. Ina sonsa, masu karatu, kuma a ranar na fi sonsa fiye da lokacin da ake yi masa kirari a bakin tafki. Amma so bai iya buɗe bakin mutum ba.

Shi kuwa Ɗan Toka, an yi ta nuna shi a rumfa, yara sun haddace kowane naushi. Sai dai ba wanda ya san ainihin labarin, don Ɗan Azumi ya gyara shi. In yarinyar ta suɓuce sai ya ɗaga sanda ya ce, "Kar ku damu jama'a, akwai katihwa ƙasa, lahiya lau ta sauka!" In jarumi ya fara kuka sai ya ce, "Ga mugunta! Shef-bandi ya watsa mashi barkono ga ido!" Rumfa ta yi ta tsine wa shugaban 'yan fashi, a ce a tura, Yaya ya tura.

Na same shi a kan kekensa na ɗinki na ce, "Kawu Ɗan Azumi, ba haka na gaya maka ba."

Ya ciji zare ya tofar. "Ɗiyata, ke kin san Hwaransanci, ni na san mutanena. Akta ba shi kuka. In akta ya yi kuka, wa za shi kare mu?"

Nowel, wato Kirsimeti, ta zo. Tun asuba muke kan murhu, shinkafa da miyar zabbi, ana ta kai kwanuka gidajen maƙwabta kamar yadda suke kawo mana nama da Sallah. Mun yi ankon atamfa ja mai zanen tsuntsaye, na yi kitson shuku, na rambaɗa kwalli. Bayan sujada da cin abinci, Yaya ya ɗauko tele ya kafa a babban zaurenmu, ya toshe taga da buhu, ya ce yau kallo kyauta ne ga duk wanda ya zo yi mana barka. Ya tambaye ni wane kasat za a sa, na miƙa masa Ɗan Toka. Kada ku ce katari ne, da gangan na yi. Na san Baba zai zauna saboda baƙi, kuma na ƙudura sai ya ga abin da ake tsallakewa.

Abin da ban shirya masa ba shi ne Malam Inusa. Tun rasuwar Nasiru ba ya zama cikin taro. Sai ga shi ya yi sallama, ya rame, carbi a hannu, ya zo yi wa Baba barka da shan biki. Baba ya tashi ya ba shi kujerarsa, shi ya sauka kan tabarma. Malam ya ce ba zai daɗe ba, amma kunya ta hana shi tashi. Ta yaya zan ce yarinya ta mutu a gaban uban da bai gama share hawaye ba? In abin ya ɓaci, na ci mutuncin baƙo a zauren ubana ranar biki, kuma maganar Yoshiya ta mutu har abada.

Mu mata muna daga baya, kusa da ƙofar shiga gida. Daga nesa ina jin ƙarar gurup, na san wanda ke zaune a gefensa. Ɗan Azumi ya sha sabuwar riga, baki ya buɗe, har Baba na ga yana murmushi. Aka zo wurin gobara. Hannu ya suɓuce.

"Kar ku damu jama'a, akwai katihwa..."

Na ƙyale shi ya wuce. Jarumi ya shiga ɗaki, ya cire abin fuska.

"Ga mugunta! Barkono na shef-bandi ya..."

"A tura! A tura gaba!"

Yaya ya miƙa yatsa. Ban san lokacin da na tsallake ƙafafun mutane ba, sai ji na yi na riƙe hannunsa.

"Ba barkono ba na," na ce. Muryata ta fito da ƙarfi fiye da yadda na so. "Kuka shikai. Kuma babu katihwa. Yarinyar ta mutu."

Inna ta kira sunana cikin irin muryar da ke nufin za mu gamu a ɗaki. Ɗan Azumi ya sauke sanda yana kallona, yana satar kallon Malam Inusa, yana yi mini alama da ido. A nan na gane ƙaryarsa ta yau ba ta kare akta ba ce kaɗai, tausayin tsohon ne ma. Baba ya cire tabaro.

"Bangaskiya, koma wurin mata."

"Bar ta, Malam Elisha," in ji Malam Inusa a hankali. "Ɗiyata, bakinai na motsi. Mi shike cewa?"

Na ƙara muryar tele da kaina. Na tsaya inda Ɗan Azumi ke tsayawa, ni 'yar shekara goma sha tara, da ankona da kwallina, a gaban furfura. Ban ƙara gishiri ba, ban rage ba. Abin da jarumin ya faɗa shi kaɗai a ɗakinsa, shi na mayar musu da Hausa.

"Ya ce, na riƙe ta. Ya ce, hannuna ya gaji, ban san hannuna na gajiya ba. Ya ce, kowa na yi mini tahi, ni kau yatsunta nike ji."

Ba wanda ya ce a tura. Yaran da suka ga fim ɗin nan har suka gaji suka matso gaba, don wannan wurin sabo ne a idonsu. Muka ga jarumi ya sa rigar wanke-wankensa, ba abin fuska, ya bi titi ruwan sama yana dukansa. Ya tsaya a ƙofar wani gida. Ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa, hannun ya tsaya a sama. Ya sauke, ya juya. Aka sake nuna shi wata rana a ƙofar, ya sake juyawa.

"Gidan wa ke nan?" Malam ya tambaya.

"Gidan uban yarinyar, Baba."

"Mi ya hana shi shiga?"

"Kunya da nauyi. Gani shikai ba shi da huskar da za shi kai."

"Shi uban ya san shina zuwa?"

"Bai sani ba. Shina ciki, shina zaton an manta da ɗiyatai."

Malam Inusa ya daɗe yana kallon gilashin. Carbinsa ya daina tafiya. Sannan ya juyo ya kalle ni, kallon da ya nuna ya san ba labarin Turawa nake ba shi ba.

"To," ya ce, "shi uban ba shi da ƙahwa?"

Ya dafa gwiwa ya miƙe. Bai yi wa kowa sallama ba. Ya sa takalminsa a bakin zaure, ya sunkuya ya dubi wayar wuta da ke kwance a ƙasa, ya bi ta. Ba a jima ba ƙarar gurup ta mutu, tele ta ɗauke, zaure ya yi duhu. Wani yaro ya fara ƙorafi, Ɗan Azumi ya ɗan taɓa shi da sanda a ka ya yi shiru.

Na san bai kamata ba, amma na leƙa ta kafar zana. Yoshiya ya kashe gurup don ya ji abin da tsohon zai ce, yana durƙushe, kansa a ƙasa. Malam ya zauna kusa da shi a kan turɓaya, da farar rigarsa, ya kama hannun nan na dama ya riƙe da hannayensa biyu. Ban ji maganarsu ba, kuma har yau ban tambaya ba. Na dai ga kafaɗunsu duka biyu suna girgiza. Ranar ba a sake tada gurup ba, ba wanda ya ga ƙarshen Ɗan Toka.

Inna ta yi mini faɗa kam, har da cewa na zubar mata da mutunci a gaban matan zumunta na majami'a. Baba kuwa bai janye maganarsa ba. Nowel ta wuce, gindin bishiya ba kowa. Na yi kuka a ɓoye, amma ban yi nadama ba. Na ce ko na rasa shi, na dai tsaya masa a gaban mutane da bakina, kuma har gobe ina alfahari da hakan.

Ana gab da shiga sabuwar shekara, da hantsi, ina shara na ji sallama. Na leƙa. Malam Inusa ne cikin babbar riga shuɗiya da rawani, Ɗan Azumi na biye da shi ɗauke da ƙwaryar goro an rufe da faifai. Can baya ga Yoshiya, ya yi aski, ƙafar wandonsa da alamar jiƙa, ƙamshin tafki yana tashi daga jikinsa. Na jefar da tsintsiya na lafe a jikin bangon zaure. Inna ma ta zo ta lafe a bayana, ita da ke cewa laɓe ba kyau.

Bayan gaishe-gaishe, Malam ya jawo ƙwaryar ya ajiye a gaban Baba.

"Malam Elisha, ka ce yaron ga bai yi gaisuwar mutuwa ba. Ya yi, ni na karɓa. Yanzu ga gaisuwar aure, ni na kawo. Ba shi da uba, ni kau tabki ya bar mini gurbi. Addininai nashi na, ban taɓa mashi ba. Amma hannun da ya riƙe Nasiru har ƙarhinai ya ƙare, ban san hannun da ya hi shi cancantar a ba amana ba. Na zo nema ma ɗana auren ɗiyarka."

Ta tsagar ƙofa na ga Baba ya cire tabaro. Na ce shi ke nan, ga hukunci. Sai na ga ya kai gefen rigarsa ga ido, ya goge, ya sake gogewa. Baba Elisha, wanda ko ranar da aka binne mahaifiyarsa ban ga hawayensa ba.

Ya yi gyaran murya, ya juya wajen cikin gida ya ɗaga murya.

"Alisabatu! Barkonon ga da kike soyawa ya yi yawa."

Ko wuta ba mu hura ba a ranar. Ɗan Azumi ya sunkuyar da kai yana cije leɓe. Inna ta matse hannuna, idonta ita ma ya cika, ta amsa daga bayan bango, "Yi haƙuri, Malam, yanzu nike saukewa."

Baba ya miƙa hannu ya ɗaga faifan, ya ɗauki goro ɗaya fari, ya fasa shi biyu. Ya ba Malam Inusa rabi. Ɗaya rabin ya riƙe, ya dubi Yoshiya da ke durƙushe a bakin ƙofa.

"Matso kusa, ɗana," ya ce. "Miƙo hannun nan."